Barguna huɗu da bango mai tsatsafo: nazarin wani falo a Agege

Gidan da bargunan

Gidan haya ne a Agege, hawan ƙasa na wani bene, ciki biyu da falo. Falon mita 4 ne a mita 5, daga ƙasa zuwa silin mita 2.8. Bangon kudu na waje ne, ba taga a jikinsa. Na gabas ma na waje ne, shi ke ɗauke da babbar taga. Na arewa da na yamma na ciki ne, ɗakunan kwana ke bayansu.

Matar gidan a Kano ta girma, aure ya kawo ta Legas. Sana'arta sarin zannuwan gado da labulen gwanjo a kasuwar Katangowa da ke Abule Egba. Idan aka fasa dila akan ci karo da bargon faci jefi-jefi, irin wanda ake haɗa guntayen ƙyalle a yi fuskarsa, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi a baya, sannan a bi da ƙananan ɗinki a kame hawa ukun. Yawancin na gwanjo aikin kamfani ne, ɗinkin inji da audugar roba, wadda sai daga shekarun 1960 ta zama ruwan dare a barguna. Ita na hannu take nema. Takan ɗaga bargon ta kalli rana ta cikinsa. In ta ga audugar ta dunƙule wuri-wuri, ga ɗigo-ɗigon ɓawon angurya, kuma takun allurar bai zo daidai wa daida ba, sai ta ware shi gefe. Uku ta tara daga kasuwa, na huɗun kuma ta gaje shi ne.

Mai fure: santimita 180 a 210, kilo 2.4. Guntaye ne masu kusurwa shida, an jera su zobe-zobe sun ba da siffar furanni a kan fari. Salon ya yi tashe a Amurka a shekarun 1930 da 1940, lokacin da ake sayar da gari da abincin kaji a buhunan auduga masu zane, mata su warware buhun su yi sutura da bargo. Auduga ce zalla ciki da waje.

Mai ja da baƙi: santimita 170 a 200, kilo 3.1. Siraran ƙyallaye ne aka jera kewaye da ɗan jan murabba'i. Wasu auduga, wasu ulu, da yawansu baƙaƙe ko launin ƙasa mai duhu. A ido shi ya fi duka tsufa.

Na Bengal, wanda a can ake kira kanta: santimita 140 a 220, kilo 1.2. Tsofaffin sari ne hawa huɗu, ba auduga a tsakiya, an bi su da dogayen layukan ɗinki kusa da kusa.

Na atamfa: santimita 160 a 200, kilo 2.8. Kakarta ce ta sa aka haɗa shi a Kano da ragowar atamfofin gida, aka sa tsohon gwado a tsakiya. Dangi sun ce a shekarun 1970 aka yi shi, zamanin da masaƙun Kaduna ke cika kasuwa da atamfa. Ya yi shekaru a adaka a Kano ba abin da ya same shi.

Disamba, shekara ta farko: an rataya

An kira kafinta ya kafa barguna uku a bango da ƙusoshi masu inci biyu, irin na baƙin ƙarfe da ake aikin katako da su. Biyar-biyar ya sa wa kowanne a gefen sama, ya huda ƙyallen kai tsaye, ya ƙara biyu a kusurwoyin ƙasa don bargon ya kwanta lif da bango. Mai fure da mai ja da baƙi suka tafi bangon kudu, don shi ne babu taga babu ƙofa. Na atamfa ya hau bangon yamma, yana fuskantar taga. Na Bengal aka yafa a bayan doguwar kujera.

Lokacin hunturu ne, iska a bushe, falon ya yi kyau, baƙi suna yabawa. Wata uku ba a ga komai ba sai ƙura.

Maris zuwa Yuni: alamu

A ƙarshen Maris gefen saman mai ja da baƙi ya fara lanƙwasa tsakanin ƙusa da ƙusa. Hujin kowace ƙusa ya ja ya zama tsaga mai tsawon kusan santimita ɗaya. A Afrilu, da ruwa ya sauka, jan zobe na tsatsa ya fito kewaye da kowace ƙusa a duka ukun, faɗinsa ya kai na kwabo.

A Mayu falon ya soma warin gumi idan aka buɗe shi da safe. An ɗauka kafet ne, aka fitar da shi, warin bai tafi ba. Sai a tsakiyar Yuni, watan da ruwa ya fi yawa a Legas, aka ɗaga kusurwar mai fure don a share yana, aka tarar da bayansa ya yi ɗigo-ɗigo baƙi da toka-toka tun daga ƙasa har kusan santimita 70. Fumfuna ce. Mai ja da baƙi ya fi shi muni, tabon ya ratso har fuska, kuma a jikin ƙyallayen ulu akwai ƙananan huji da ɗan farin zare-zare irin wanda asu ke bari. Fentin bangon da bargunan suka rufe ya kumbura, an taɓa shi yana ɓarewa, hannu na jin sanyin laima.

Na atamfa bai yi fumfuna ba, bangonsa a bushe yake. Matsalarsa daban ce. Hasken safiya yana faɗa masa ta taga kamar awa biyu kullum, kuma da aka sauke shi aka gwada fuskar da ƙyallen da ya lanƙwasa ta baya, sai aka ga ja da ruwan hoda sun koɗe a rabin da rana ke taɓawa. Na Bengal lafiyarsa lau, in ban da duhun man gashi a inda kawuna ke jingina.

Yuli: matakai uku da ba su yi ba

Na farko wanki. An jiƙa mai ja da baƙi a baho da garin sabulu da murfi biyu na bilic, da ruwan bohol ɗin gidan, aka cuɗa da hannu, aka murɗe, aka shanya a igiya. Cikin minti kaɗan ruwan ya zama ja, jan ya bi fararen ƙyallaye ya zauna. Ƙyallayen ulu suka tsuke suka tattare na kusa da su. Baƙaƙen da masu launin ƙasa kuwa wajen goma sha biyu suka yage da kansu, wasu suka zama gari. Tsofaffin rini masu duhu da yawa da sinadarin ƙarfe ake kama su, kuma ƙarfen yana cin zaren a hankali tsawon shekaru, sai ya zama ƙyallen na tsaye ne kawai don ba a taɓa shi ba. Bilic yana raunana auduga, yana narkar da ulu, tabon tsatsa kuma ƙara zaunar da shi yake yi. A igiya nauyin ruwa ya ninka nauyin bargon, ɗinkin tsakiya ya tsinke a layi biyu. Kwana uku ya yi bai bushe ba saboda ruwan sama, ya dawo ɗaki da sabon wari.

Na biyu ɓoyo. Ganin abin da ya faru, sai aka fasa wanke mai fure. Aka ninke shi da na atamfa, aka zuba ƙwayoyin kafur, aka ɗaure a babbar leda, aka tura ƙarƙashin gado. Bayan mako uku aka buɗe. Fumfunar mai fure ta bi layin ninki ta bazu, ta kuma tsallaka kan na atamfa wanda da ba shi da ita. Bargon da laimarsa ya shiga ledar, leda kuwa ba ta barin laima ta fita, ga ƙasan siminti da sanyi. Kafur don asu ake sa shi, ba ya busar da komai.

Na uku turaren wuta. An riƙa turara bargunan safe da yamma don kashe warin. Wari ya ɓuya na yini guda ya dawo, farin mai fure kuma ya ɗauki rawaya-rawaya, saboda hayaƙin turare mai maiƙo ne, yana kwanciya a zare, ƙura ta zo ta manne a kai.

Agusta: awo

A ɗan tsaikon ruwan da Legas kan samu a Agusta aka dakatar da komai aka koma awo. An sayo ƙananan na'urorin auna danshi guda uku, masu batir, aka riƙa rubuta abin da suka nuna safe da dare har kwana 14. A tsakiyar falo danshin iska yana kaiwa da komowa tsakanin kashi 74 da 82 cikin 100. A jikin bangon kudu, santimita 50 daga ƙasa, bai taɓa sauka ƙasa da 85 ba. A saman wadirof ɗin babban ɗaki, inda ake kunna na'urar sanyaya ɗaki da dare in akwai wuta, tsakanin 58 da 66 yake. Fumfuna tana samun wurin zama a tufa idan danshi ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70, musamman inda iska ba ta motsi. A Kano da hunturu danshin yakan sauka ƙasa da kashi 20.

Sai gwajin bango. An yanka leda mai kauri santimita 30 a 30, aka manna ta a bangon kudu da salatef ta gefe huɗu, aka yi haka a bangon arewa, aka bar su awa 48. Amfanin gwajin shi ne, in raɓa ta taru a fuskar ledar ta waje, daga iskar ɗaki take. In ta taru a ciki tsakanin leda da bango, bangon ne ke fitar da ruwa. Ta bangon kudu ta jiƙe ta ciki. Ta arewa ta fito a bushe. Da aka zagaya waje aka ga filasta ta tsage tsawon mita ɗaya da rabi, kwatar da ke bin gindin bangon kuma ta toshe. Iskar damina a Legas daga teku take tasowa, ta kudu maso yamma, don haka wannan bangon ne ke shan dukan ruwa.

An gwada ruwan bohol ma: aka cika farin bokiti aka bar shi ya kwana. Da safe ya yi ja-ja, da laka mai launin tsatsa a gindi. Akwai ƙarfe a ruwan, abin da ba baƙo ba ne a rijiyoyin Legas.

Agusta zuwa Oktoba: tsabta ba da ruwa ba

An shimfiɗa kowane bargo a kan tsabtataccen zanen gado a baranda, cikin inuwa, fanka na kaɗa shi, ana juya shi bayan awa biyu-biyu, har yini biyu. Fumfuna mai laima in aka goge ta shafewa take yi cikin zare. In ta bushe sai ta zama gari, a iya ɗebe ta.

Daga nan aka ɗauko ragar sauro ta taga, irin mai taushi, santimita 40 a 40, aka naɗe gefunanta da salatef don kada ta karce ƙyalle. Ana ɗora ta a kan bargon, a bi ta kanta da injin zuƙar ƙura a mafi ƙarancin ƙarfinsa, ana ɗagawa ana saukewa, ba ja ba. Ragar ce ke hana injin tsotse zaren da ya saki. A waje aka yi aikin, da takunkumi a hanci. Fuska da baya, kowane bargo ya ci kusan awa biyu.

Mai ja da baƙi, saboda asu, sai da aka daskarar da shi. Bayan ya bushe sarai aka naɗe shi a zane, aka sa a leda biyu aka matse iska aka like, aka saka a firiza mai kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili, ya yi kwana goma. Sharaɗin shi ne kada firizar ta narke a tsakiya, don haka aka kai shi gidan da ke da sola. Da aka fito da shi an bar shi a ledarsa awa 24 kafin a buɗe, don raɓar narkewa ta tsaya a jikin leda.

Wuraren da suka zama gari ba a cire su ba. An yanko lallausar raga irin ta mayafin amare, mai duhu, aka rufe kowane ƙyalle da ya lalace, aka kama gefunanta da allura a kan layin ɗinkin asali, inda akwai ƙwari. Hujin ƙusoshi kuma aka yi musu faci ta baya da wankakken akoko. Tabon tsatsa an bar shi yadda yake, domin lemon tsami da magungunan cire tsatsa suna ƙara cin zaren da tsatsar ta riga ta raunana.

A Oktoba aka tari ruwan sama durom biyu masu cin lita 200, bayan an bar ruwan farko ya wanke rufi, aka tace da ƙyalle aka rufe. Wanki an ɗage shi zuwa rani.

Disamba, shekara ta biyu: wanki

Kafin ruwa ya taɓa komai an gwada kowane launi. Ana ɗiga ruwan sabulu a kan ƙyallen, a jira minti biyu, a danna farin ƙyalle a kai. In launi ya fito, ba wanki. Mai fure da na Bengal sun tsallake. A na atamfa wani kore da wani ja sun zuba, don haka aka bar shi da abin da injin zuƙa ya yi masa. Mai ja da baƙi ba a ma gwada shi ba.

An haɗa katako huɗu a tsakar gida aka yi kwami mita 1.2 a 1.2, aka shimfiɗa leda mai kauri a ciki, sannan farin zanen gado, sannan mai fure a ninke huɗu sako-sako. Lita 60 na ruwan sama mai sanyi kowane zubi. Sabulun ruwa ne marar turare marar bilic, cokalin shayi uku kacal. An bar shi ya jiƙu minti 15, ana danna shi da tafin hannu, ba cuɗa ba murɗa. Zubar da ruwa ta hanyar kwantar da katako ɗaya ake yi, bargon na kwance a wurinsa. Ɗauraya biyar aka yi kafin kumfa ta ƙare. Ruwan farko kamar shayi ya fito.

Wajen ɗagawa mutum huɗu suka kama kusurwoyin zanen gadon, shi ya ɗauki nauyin. Aka shimfiɗa bargon a kan tawul-tawul a ɗaki, aka danne da wasu, aka canja su sau uku, aka rufe shi da siririn zane saboda ƙurar hunturu, fanka biyu na aiki. Ya bushe cikin awa 20. Warin ya tafi, rawayar turare ta ragu sosai, ɗigon fumfuna ya koma toka-toka mai haske amma bai ɓace ba.

Janairu: sabuwar rataya

An zaɓi bangon arewa: na ciki ne, ya ci gwajin leda, rana ba ta faɗa masa kai tsaye. Bargo ɗaya kawai zai riƙa hawa a lokaci guda.

An wanke akoko sau biyu don sitacinsa ya fita. Aka yanka tsiri mai faɗin santimita 22, aka kalmashe bakinsa, aka ɗinke shi da keke ya zama hannun riga mai faɗin santimita 10. An yi shi gida biyu, da tazarar santimita 5 a tsakiya inda maƙalin tsakiya zai shiga, domin sanda mai tsawon mita 1.8 in ba a tallafe ta a tsakiya ba lanƙwasa take yi. Gefen da ƙusoshi suka huda an mayar da shi ƙasa, lafiyayyen gefen ya koma sama.

Telan da aka kira ya so ya zarce da keke. Ya ce, "Hajiya, minti goma ne fa in kin bari na taka shi." Ta ce, "A'a Malam, a bi shi da allura, ko zai kai gobe." Keke yana huda tsohon ƙyalle kusa da kusa a layi ɗaya, layin ya zama wurin yagewa, kuma warware shi wahala ne. Da hannu aka kama hannun rigar a bayan bargon, santimita 2 ƙasa da baki, da zaren auduga, taku ɗaya a kowace santimita, allura na ratsa hawa ukun. Kafin a ɗinke gefen ƙasa an ɗan tura shi sama da santimita ɗaya, don sandar ta sami wurin zama ta baya ba tare da ta turo fuskar bargon ba.

Sandar bututun alminiyom ce mai kaurin milimita 25. An kauce wa ɗanyen katako don yana sa tufa ta yi rawaya inda ya taɓa, an kauce wa baƙin ƙarfe saboda tsatsa. Maƙalai uku suka riƙe ta santimita 5 daga bango, a tsayin mita 2.55, ƙasan bargon ya tsaya santimita 45 daga ƙasa, a sake, ba a kafe shi da komai ba.

Sauran falon aka daidaita shi da bargon. An janye doguwar kujera daga ƙarƙashinsa zuwa bangon yamma. An sauke labule mai manyan furanni aka sa mai launin madara hawa biyu, na cikin yana zama a rufe har ƙarfe 11 na safe. Matasan kujera aka yi musu riga da launi ɗaya da aka tsinto daga jikin bargon, shuɗi mai haske, ba zane. Hotuna da kalanda suka bar wannan bangon. Ƙwan fitila na LED ne, wanda ba ya zafi sosai, mita ɗaya da rabi daga bargon. Kaskon turare ya koma ɗakin kwana na biyu, janareta kuma aka matsar da shi daga gindin taga.

Shekara guda bayan haka

An bi jadawali. Nuwamba zuwa Fabrairu mai fure ke bango, ana bin sa da injin zuƙa ta kan raga sau ɗaya a wata saboda ƙura. Maris zuwa Mayu na atamfa. Yuni da Yuli bango na hutawa. Agusta zuwa Oktoba na Bengal, don shi ne siriri, ba ya riƙe laima, kuma yana jure wanki. Kowanne da nasa hannun rigar.

Wanda ba ya bango ana naɗe shi a wankakken zanen auduga, a cusa wani zanen a cikin ninkin don kada ya karye, a ɗora a saman wadirof ɗin babban ɗaki. Duk wata uku ana warwarewa, a sha iska awa biyu, a sake ninkewa ta wani layin. Mai ja da baƙi bai sake hawa bango ba. Yana kwance a ajiye, sai da sallah ake shimfiɗa shi a gadon baƙi na yini biyu.

Maigidan haya ya gyara tsagar filasta, an yashe kwata. Da aka maimaita gwajin leda a Yuni bangon kudu ya fito da 'yar laima kaɗan, don haka aka bar shi da madubi da agogo. Na'urar da aka rataya a bayan bargon bangon arewa ta nuna kashi 70 zuwa 78 a Mayu da Satumba. Duk da haka ba sabon ɗigo, ba wari, gefen sama a miƙe yake.

Abin da ya jawo ɓarna da abin da ya yi aiki

Iskar Legas ita kaɗai ba ta ɓata bargunan ba. Na Bengal ya yi damina guda a falon yana kan kujera bai yi fumfuna ba, na atamfa ma bai yi ba sai da aka kulle shi a leda da mai ɗauke da ita. Waɗanda suka kamu su ne biyun da aka manna a bango mai tsatsafo, aka kuma kafe ƙasansu har iska ba ta da hanyar shiga. Ko a sabon wurin danshin ya haura kashi 70, amma bangon a bushe yake kuma iska na zagayawa ta tazarar santimita 5. Da an yi gwajin leda na awa 48 kafin a kira kafinta, da mafi yawan wannan ɓarnar ba ta faru ba. Sai dai a Disamba bangon na iya fitowa a bushe ya ruɗi mai gwaji, don haka da damina ya kamata a yi shi.

Ƙusa laifi biyu ta yi, tsatsa da tara nauyi. Kilo 2.4 a kan ƙusa biyar kusan rabin kilo ke nan a kan 'yan zaruruwa. A hannun riga nauyin ya bazu, kimanin giram 13 a kowace santimita.

Babbar asara kuwa daga gyara ta zo. Fumfunar Yuni tabo ta bari, amma wankin Yuli ne ya raba mai ja da baƙi da bango har abada, kuma gwajin launi na minti biyu ya isa ya hana shi. Koɗewar na atamfa ita ma ba ta da magani, launin da haske ya ci ba ya dawowa. Shi ya sa gidajen tarihi ke ajiye tufafi a haske dishi-dishi, wajen lux 50 a ma'aunin ƙarfin haske, alhali hasken rana kai tsaye dubbai ne. Falo ba zai yi duhu haka ba, abin da za a iya shi ne rage watannin da bargo ke yi a bango.

Tun farko ma mai ja da baƙi bai dace da rataya ba. Ya fi kilo uku, akwai ulu a jikinsa, duhun rininsa ya riga ya ci zare. Duk bargon da aka shafa ƙyallensa mai duhu da yatsa aka ji yana ƙaiƙayi ko yana barin gari, ko aka ɗaga shi aka ji ɗinki na ƙara, wurinsa kan gado ne a shimfiɗe, a ɗakin da ba a kwana kullum.